Darasi na 12: Aiki da Injin Katako a Ɗakin Sana'a na Makaranta

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin koyon kafinta a kwalejin fasaha ya san gargaɗin da malami ke yi kafin a kunna inji: ku natsu, ku kula da hannuwanku, ban da wasa. Gargaɗin yana da kyau, ba kuma wanda zai ce a daina shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, a makarantu da yawa wannan gargaɗi shi kaɗai ne kariyar da ɗalibi ke da ita, har ta kai in yaro ya rasa yatsa sai a ce bai kula ba, a rufe magana. Abin da wannan darasi ke son tabbatarwa shi ne natsuwar ɗalibi ba ta isa ta tsare shi daga injin katako ba, domin injin ya fi jikin ɗan Adam sauri nesa ba kusa ba. Saboda haka dole a gina kariyar a jikin injin, da wayar wutarsa, da tsarin ɗakin, ta yadda ranar da hankalin yaro ya gushe na ɗan lokaci, kuma tabbas ranar za ta zo, zai koma gida da yatsunsa goma.

Mu fara da lissafi. Injin zarto mai tebur, wanda ake tsaga katako da shi, yakan ɗauki faifai mai faɗin milimita 250, yana juyawa kamar sau 4,000 a minti. Bakin wannan faifai yana gudun da ya kusa kilomita 190 a awa. In haƙoransa 40 ne, to fiye da haƙora 2,600 ke giftawa ta wuri guda a kowace daƙiƙa. Shi kuwa mutum mai lafiya, wanda idonsa ke kan aikinsa, yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa tsakanin ganin haɗari da fara janye hannu. A wannan ɗan taƙi haƙora sama da 600 sun wuce. Injin filena, mai kankare fuskar katako, shi ma haka yake: in wuƙaƙensa uku ne kuma gatarin da ke ɗauke da su yana juyawa sau 5,000 a minti, sara 250 ke nan a daƙiƙa, kuma abin da ya kankare daga yatsa ba ya ɗinkuwa. Ba a nan kaɗai ake fama ba. A Amurka, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa mutum kusan 30,000 ne faifan zarto ke ji wa rauni a shekara, wajen 4,000 daga cikinsu kuma sukan rasa yatsa ko fiye. Da yawa cikinsu tsofaffin hannu ne a sana'ar.

Abin da ya sa gwanaye ma ba su tsira ba shi ne shurin katako, kuma ya kamata kowane malami ya fahimci yadda yake faruwa har ya iya zana shi a allo. Haƙoran gaban faifai, na wajen mai aiki, ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur suna yanka. Haƙoran baya kuwa sama suke tasowa daga cikin teburin. Muddin tsagar da aka yi tana buɗe, haƙoran baya ba sa taɓa komai. Amma da zarar tsagar ta matse, ko katakon ya ɗan karkace ya bar majinginarsa, sai haƙoran baya su cafke shi, su ɗaga shi, su wurgo shi wajen mai aiki da ƙarfin da zai iya karya haƙarƙari. Mafi muni, hannun da ke tura katakon yakan zarce gaba tunda abin da yake turawa ya gushe, ko kuma katakon ya fizgo hannun da ke riƙe da shi ta baya zuwa kan haƙora. Wannan haɗari ya fi yawa a wajenmu saboda irin katakon da muke samu. Abin da ake saukewa a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano da sauran kasuwanni irinta, galibi daga kudu yake zuwa bai gama bushewa ba, sai ya tarar da iskar Arewa, musamman lokacin hunturu, bayansa ya bushe cikinsa na jiƙe. Irin wannan katako da an tsaga shi sai ya motsa, wani ya buɗe, wani ya rufe a kan faifai. Ga kuma tsohon katakon rufi da na teburan aji da makarantu kan ba ɗalibai don sauƙin kuɗi, wanda ba a rasa guntun ƙusa a cikinsa. Babu natsuwar da za ta gaya wa yaro cewa wannan katako zai matse nan da daƙiƙa biyu.

Maganin shuri ƙarfe ne ɗan siriri mai lanƙwasa da ake kafawa a bayan faifai, yana shiga cikin tsagar ya hana ta rufewa. Ƙa'idarsa a bayyane take: kaurinsa ya ɗan fi na jikin faifai amma kada ya kai faɗin tsagar, kuma ratar da ke tsakaninsa da haƙora kada ta wuce milimita 8. A samansa akwai murfin da ke rufe faifan, wanda ake saukarwa har ya kusa taɓa katako. Sai sandar turi, guntun katako mai tsawon milimita 450 da aka yi wa baki kamar na tsuntsu, wadda da ita ake tura milimita 300 na ƙarshe don kada hannu ya kusanci haƙora. A filena akwai murfin da ke kwanciya a kan wuƙaƙe, katako ya bi ta ƙarƙashinsa hannu ya bi ta samansa, kuma guntun da bai kai milimita 300 ba ba a kai shi can. A zarto mai bel, murfin sama ake saukarwa ya bar tsayin katakon kawai. Abin lura game da waɗannan duka shi ne ba ruwansu da halin da ɗalibi ke ciki. Ko ya kwana bai yi barci ba, ko yana azumi rana ta take, ko wani ya kira sunansa ta taga, ƙarfen yana nan inda aka kafa shi.

Nan ne kafintan kasuwa zai yi magana, kuma maganarsa ta cancanci a saurara, domin sau da yawa shi makaranta ke ɗauka ya taimaka wajen koyarwa. Zai ce shekara ashirin yana aiki babu murfi babu ƙarfen baya, ga hannunsa lafiya. Murfi yana tare masa ganin layi, yana rage sauri, kuma akwai yankan da ba ya yiwuwa sai an cire shi. Akwai gaskiya a ɓangaren ƙarshe. Yankan da ba ya huda katako har sama, kamar fitar da kwari a jikin allo, ba ya yiwuwa da murfin da ke manne da ƙarfen baya. Amma amsar wannan ita ce a yi irin aikin da wani injin, ko da kurfi da guduma, ko malami ya yi shi da kansa da wata kariyar, sannan a mayar da murfi nan take. Batun ganin layi kuwa rauni ne da shi, domin a zarto mai tebur majingina ce ke ƙayyade faɗin yanka, kuma mai leƙen haƙora ya riga ya sa fuskarsa a hanyar shuri. Shekaru ashirin ɗin nan kuma shaida ce ta waɗanda suka rage a sana'ar. Wanda hannunsa ya lalace ya koma gida ko ya kama wani abin, ba shi a wurin da zai ba da tasa shaidar. Mai shakka ya zaga layin masu injin tsaga ya dubi hannuwa da kyau. Sabo turken wawa ne, in ji Hausawa, kuma ko da gwanintar shekara ashirin tana ba da wata kariya, yaron da ya shigo aji jiya ba shi da ita.

Akwai wani haɗari da littattafan ƙasashen waje ba sa daɗewa a kansa, mu kuwa a nan shi ya kamata a sa gaba: ɗauke wuta. Ɗalibi yana tsakiyar tsaga katako sai a ɗauke wuta. Ƙarar inji ta mutu, ɗaki ya dushe, amma faifai yana ci gaba da juyawa shiru, wani lokaci na daƙiƙoƙi masu yawa, zarto mai bel kuwa yakan daɗe fiye da haka saboda nauyin ƙafafunsa. Wannan ya sa a Ingila doka ta nemi a sa wa irin waɗannan injuna birki da zai tsayar da su cikin daƙiƙa 10. Bayan nan sai haɗari na biyu, wanda ya fi na farko. Ba wanda ya tuna ya kashe makunni, tunda injin ya riga ya tsaya. Wani ya sa hannu yana zare katakon da ya maƙale, wani ya jingina da tebur ana hira, wani ya fara kwance faifai don ya yi amfani da lokacin, sai a kawo wuta, ko mai gadi ya tada janareta daga can bayan ofis bai san abin da ke gudana a ɗakin ba. In makunnin injin irin na fitilar ɗaki ne, wanda ke zama inda aka bar shi, injin zai tashi da kansa. Abin da ke hana wannan shi ne makunni mai maganaɗisu, mai maɓalli kore da ja, wanda da wuta ta yanke yake sakin kansa, kuma ba zai sake kamawa ba sai mutum ya danna kore da hannunsa. Kowane mai gyaran wutar masana'anta ya san shi, ana sayar da shi a kasuwa, kuɗinsa kuma ƙanƙane ne in an gwada da kuɗin injin. Gwajinsa ba wuya: a kunna inji babu katako, a kashe babban makunnin ɗaki, a mayar. In injin ya tashi, bai cancanci ɗalibi ya taɓa shi ba sai an gyara. A ganina da za a ce makaranta ta zaɓi gyara guda ɗaya tak a wannan zangon, wannan za ta zaɓa.

Haka kuma sutura. Tufafinmu masu yalwa ne, sun dace da zafinmu da mutuncinmu, amma ba su dace da abin da ke juyawa ba. Injin huda da injin da ke juya katako ana sassaƙa ƙafar kujera ba sa yanka kamar zarto. Kamawa suke yi su naɗe. Hannun kaftani, gefen hijabi, carbi, agogo, zobe, igiyar katin makaranta da ke wuya, duk abin da ya taɓa sandar da ke juyawa zai naɗu ya ja mai shi. A 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Yale ta Amurka ta rasu bayan gashinta ya naɗe a injin juya ƙarfe mai kama da na juya katako tana aiki ita kaɗai da dare, kuma ɗaliba ce da ta san injin. Wannan bai zama dalilin hana 'yan mata ɗakin sana'a ba, bai kuma zama dalilin neman su cire lulluɓi ba. Ƙaramin hijabi mai kama kai, wanda ake cusa ƙasansa cikin rigar aiki mai maɓalli, ya biya buƙatun biyu. Safar hannu ma, wadda mutane ke ɗauka kariya ce, haramun ce a gaban injin da ke juyawa, domin inda haƙori zai yanki fata ya wuce, safa yakan kama ya ja hannun gaba ɗaya. Tabarau na aiki kuwa wajibi ne, da takalmi rufaffe maimakon silifa.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, abin da Allah Ya rubuta sai ya faru. Mai wannan magana ba ya barin ƙofar shagonsa a buɗe da dare, ba ya kuma hawa motar da ya san ba ta da birki. Malaman addini sun daɗe da bayyana cewa dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Kuma akwai bambanci tsakanin baligi da ya zaɓi ya yi kasada da hannunsa, da malami ko shugaban makaranta da ya sa ɗan wani a gaban faifai tsirara. Yaron amana ne, bai san abin da aka cire daga injin ba, bai kuma isa ya ce ba zai yi aikin da za a ba shi maki a kai ba.

Ƙorafin kuɗi ya fi wannan nauyi, kuma tarihi yana bayansa. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta shigo da injuna masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai domin darasin gabatar da fasaha, amma da dama suka shekara a cikin akwatunansu saboda babu ɗaki, babu wuta, babu malamin da ya san su. Wasu injunan da ke aiki a makarantu yau tsofaffi ne ƙwarai, murafensu sun ɓace tun tuni. Akwai kuma fasahar zamani da ta fi ƙarfin aljihunmu: a 1999 wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro zarton SawStop, wanda ke gane taɓawar fatar mutum ta hanyar ɗan siginar lantarki, ya cusa birkin alminiyam cikin haƙora ya tsayar da faifai cikin kashi 5 bisa 1,000 na daƙiƙa. Yana da tsada, kowane tsayawa yana cin sabon birki, kuma jiƙaƙƙen katako irin namu yana iya tada shi a banza. Sai dai mafi yawan abin da aka ambata a wannan darasi ba ya buƙatar irin wannan kuɗi. Sandar turi daga ragowar katako ake yin ta, kuma ya kamata ta zama aikin farko da kowane ɗalibi zai yi da zarton hannu. Ƙarfen bayan faifai, maƙeran Panteka a Kaduna da takwarorinsu a kowane gari za su yanka shi in an ba su awo daidai. Wasa haƙora yana da araha, dakusasshen faifai kuwa shi ke sa yaro ya tura da ƙarfi har hannunsa ya zame. Layin fenti a ƙasa kewaye da kowane inji, wanda mutum ɗaya kaɗai ke tsallakawa, gwangwani guda ne. Kwaɗo a kan babban makunni, mabuɗinsa a aljihun malami, shi ke tabbatar da ba a kunna komai in ba ya nan, kuma shi ke tsare mai canza faifai. Inda kuwa inji ya lalace har ba a iya yi masa kariya, a cire wayarsa. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, ta kuma hana a sa wanda bai ƙware ba aiki da su sai da horo da sa ido. Domin ma'aikata manya aka yi ta, kuma ba a ga hujjar da makaranta za ta yi wa yara ƙasa da haka ba.

To, me zai hana a hana ɗalibai injin kwata-kwata, su tsaya ga zarton hannu da kurfi? Ga 'yan ƙaramar sakandare wannan daidai ne, kuma ko a manyan azuzuwa akwai injunan da ya fi kyau malami kaɗai ya riƙa sarrafawa. Amma ɗalibin da zai rubuta jarrabawar NABTEB a fannin kafinta, gobe injin zai tarar a wurin aiki, kuma in bai koyi hanyar kirki a makaranta ba zai koyi ta kasuwa. Dokar Amurka ta kama wannan ma'ana: ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba aiki da injin katako, amma ta keɓe ɗalibai da masu koyon sana'a da ke ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Sharaɗin kulawar shi ne ginshiƙin. Malami ɗaya ba zai iya sa ido kan yara sittin da injuna biyar suna ruri ba, komai ƙwazonsa. Sai a raba aji, wasu suna awo da zane a benci, 'yan kaɗan suna wajen inji bi da bi, kuma kowane ɗalibi sai ya nuna a aikace cewa ya iya saita wani inji da kashe shi kafin a rubuta sunansa cikin waɗanda aka yarda su taɓa wannan injin.

Ƙura da ƙara ba sa yanke yatsa, shi ya sa ake raina su. A shekarun 1960 likitoci suka lura da yawan wani nau'in sankarar hanci tsakanin masu yin kujeru a garin High Wycombe na Ingila, kuma a 1995 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Ƙurar iroko da obeche tana tada asma, ta mansoniya kuma takan sa atishawa da haɓo. Tagogi a buɗe, takunkumin hanci mai tace ƙura, da yayyafa ruwa kafin shara suna rage abin sosai. Ƙara kuwa, awonta mai aminci desibel 85 ne na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Filena da zarto sukan kai 100, wato minti 15 kacal. Malamin da ke wuni a ɗakin shi ya fi kowa buƙatar abin toshe kunne.

Duk da haka wata rana za a ji rauni, don haka shirin wannan rana ma yana cikin tsarin ɗakin. Da farko a kashe inji. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, kada a zuba toka, ko baƙin mai, ko garin magani, domin duk suna ƙara wa likita aiki. In yatsa ya guntule, a naɗe guntun cikin bandeji mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi a ruwa. A tafi da shi tare da yaron ba tare da jiran iyaye ko sa hannun ofis ba, a kuma tuna wa likita batun allurar tetanus. Tun farkon zango ya kamata shugaban makaranta ya san asibitin da ke da likitan tiyata mafi kusa, irin Asibitin Ƙashi na Dala ga makarantun Kano, da motar da za ta kai yaro can, a rubuta lambar direban a bango kusa da akwatin taimakon gaggawa.